Lambobin Makiyaya Sun Koma Sifiri, Na Ɗora wa Malam Maccido

Assalamu alaikum Malam Ɗangiwa. Don Allah ka taimake ni, yau kwana tara ba ni iya haɗa ido da mutane.

Ni ba wanda ya kama hannuna ya kai ni inda nike. Aji uku na sakandare na tsaya. Da gyaran rediyo na fara a bakin tashar Tambuwal, na koma cajin waya, yau ga ni da shago mai kwamfuta fuɗu da janareta. Ko danna harafi guda ba wanda ya koya mini. Har daga Jabo da Dogon Daji ake zuwa in buga wa mutane takardu. Na faɗi wannan ne don ka san ba sakarai ke rubuto maka ba.

Wasu masu yi wa shanu rigakafi ne suka raba wa makiyayan yankin Kebbe katuna, kowane da doguwar lamba mai alƙaluma goma sha takwas. Sai wanda lambarshi ta shiga rajista za a yi wa dabbobinshi allura kafin damina. Malam Maccido, sakataren ƙungiyar makiyaya, dattijo ne mai karantarwa a zaure, shi ya bi ruga-ruga bisa babur wata biyu yana kwafe lambobin a littafi, gida 286. Ni na ce a kawo in zuba a kwamfuta cikin manhajar Excel, zamanin biro ya wuce. Haka na faɗa, gaban mutane.

Ina shigarwa ina ganin lamba tana komawa wani guntun abu mai E da alamar tarawa. Na ce ai taƙaitawa ce irin ta kwamfuta. Da na gama, Malam ya tambaye ni ko a adana littafin, na ce ba shi da sauran amfani. To kowane shafi da bisimilla ya buɗe shi, ga sunaye irin su Abdullahi, bai yarda ya bar takardun su yi yawo a ƙasa ana takawa ba. Sai ya ƙone su yadda aka saba.

Da aka kai wa masu rigakafin rajistar, suka dawo da ita, wai lambobin duk na bogi ne. Na buɗe na duba, kowace ta ƙare da sifiri uku. Nan take na san daga wurina ne. Amma da aka taru, bakina ya ce rubutun Malam ne ba ya karantuwa. Malam ya miƙa hatimin ƙungiya ya ɗauki takalmanshi. Yanzu ana ta cewa ya tsufa. Makiyaya da yawa sun tashi da shanunsu, saura mako uku a rufe rajista.

Akwai dabarar dawo da lambobin? In babu, to ka buga cikakken sunana da na shagona, ga su nan a ƙasa. Ban taɓa ɓoye sunana a kan aikin da na yi ba. A rubuta.

Daga wani mai shago, Tambuwal

AMSA

Wa alaikumus salam. In fara da mai ɗaci: lambobin ba za su dawo ba. Excel alƙaluma goma sha biyar kaɗai yake riƙewa, abin da ya haura ya mayar da shi sifiri, bai kuma ajiye na asalin a ko'ina ba. Nan gaba, kafin ka shigar da komai, ka zaɓi layin gaba ɗaya ka mayar da shi Text, wato rubutu ba lissafi ba, ko ka fara kowace lamba da alamar ' guda ɗaya. Sauyawa bayan an shigar ba ya gyara komai. Kuma kada a rabu da takarda sai an gwada lambobi goma da ido.

Wannan kuskure masu digiri ma suna yin sa, ba abin sunkuyar da kai ba ne. Abin da ka faɗa a taro shi ne laifin, kai ma ka sani.

Katunan suna nan a hannun masu su. Mako uku ya isa a tare mutane a ranakun kasuwa, waɗanda suka yi nisa a sa su ɗauki hoton kati su turo ta waya. Amma wanda ya san rugar kowa da inda ya nufa mutum ɗaya ne, kuma shi ka kunyata.

Sunanka kuwa na cire shi da gangan. Jarida ba za ta ba da haƙuri a madadinka ba. Ka je zauren Malam gobe da safe ka faɗa masa, sannan ka maimaita gaban waɗanda suka ji maganar farko, a mayar masa da hatiminsa. Ranar da aka yi wa shanun allura, ka rubuto mini, zan buga sunanka da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin nasa.

Allah Ya sassauta maka, Ya sa Malam ya yafe.