Bindiga Mai Takarda

Hayyin Ashir, Talata

Ya'ƙubu, don Allah ajiye abin da kake yi ka saurare ni yanzu-yanzu. Salamu alaikum, ina iyali, ina Giza? Gaisuwar ta zo a baya, ka yi haƙuri. Yayarka ce Fatu. Hindu maƙwabciyarmu ke rubutawa, za ta turo maka ta waya, don ni in na buɗe baki har bene na huɗu sai an ji.

Ka san mijin yarinyar nan. (Ni Hindu: Jamal take nufi, mijin 'yarta ta fari, Ummukulthum. Ta ƙi kiran sunan ko ɗaya.) Shekara biyu yana neman izinin hukuma ya riƙa sayar da bindigar harbin tsuntsu a ɗakin ƙasa na gidansa. Ranar da aka kwance min bandeji bayan aikin idon da ya kawo ni gidansu, abin da na fara gani ke nan. Ƙofar ƙarfe mai kaurin tafin hannu. Akwatin ƙarfe ya fi ni tsawo, an kafe shi da bango. Wani maƙeri Sharif ya yi, na tsaya ina shafawa kamar na ga abin Makka. Wai a ƙasar Larabawan nan kowace bindiga da lamba a jikinta, da takardarta. Ni ko takardar haihuwa ba ni da ita, Ya'ƙubu, bindiga na da ita! Ikon Allah.

Jiya ma'aikata suka zo duba gida. Bindiga guda ɗaya ce a akwatin, tasa ta kansa. Suka ce a buɗe. Wayam.

Sun ce nan da Alhamis a nuna ta, in ba haka ba khalas, shi ke nan, babu izini, maganar ta koma ta 'yan sanda. Ana cewa Sharif ne, don da safen yana gyaran makulli ya bar akwatin a buɗe ya tafi salla. Yau ya zo ya tsaya a ƙofa, ƙaton mutum, yana rantsuwa yana hawaye.

Ni dai bayana ke ciwo, ban sauka daga katifa ba. Ka yi mana addu'a. A gaida Rawan da yara.

*

Giza, Talata da la'asar

Zuwa ga Yayata Hajiya Fatu,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan idon yana ƙara washewa, na karanta takardarki sau biyu.

Yaya, ina ɗan shekara tara lokacin da 'yan sanda suka shigo ƙauyenmu neman bindigogin maharba. Mijinki marigayi Ɗantsoho yana daji. Ke kika naɗe tasa a tabarma, kika kwanta a kai kina nishin naƙuda, alhali ko ciki ba ki da shi. Ni na riƙe miki ƙofa.

Saboda haka ba zan tambaye ki ko ke ce ba. Ciwon bayan nan dai nake tambaya, tsawonsa kamu nawa?

Na yi shekara ashirin ina tuƙi a ofishin jakadanci, na ɗan san mutanen nan. Ba ƙwace ta suka zo yi ba. Ganin ta suka zo yi a inda aka rubuta tana nan. Ɓoyewar ita ce laifin. Ki ba ni izini in zo in yi wa Jamal bayani, tunda na san ba za ki iya haɗa ido da suruki ba.

Ƙaninki mai biyayya,
Ya'ƙub

*

Hayyin Ashir, Laraba

Ya'ƙubu, salamu alaikum. Tun kana yaro ba ka da kunya. Hindu, rubuta haka, kada ki gyara.

To, tana nan. Kwana biyu tana huda min haƙarƙari.

Na ji yarinyar nan ta ce ma'aikata na tafe, sai ƙafata ta tashi da kanta, ta kai ni akwatin da Sharif ya bari a buɗe. Wallahi ceton mijinta na yi niyya.

Amma abin da ya hana ni sukuni daban ne. Babbansu mai tauraro a kafaɗa ya leƙo ɗakina. Na fara nishi, ina jira a finciko ni kamar yadda aka yi wa matar Sarkin Baka a wancan zamani. Sai ya tuɓe takalmi. Ya ce ma'alish ya hajja, wato in yi haƙuri, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ja ƙofa a hankali. Ina kwance kan abin da yake nema! Shekarata saba'in da wani abu, ban san ana yin hukuma haka ba.

Ka zo yau, kada ka jira gobe. Ni zan miƙa ta da hannuna gaban mai tauraron, ka juya masa maganata zuwa Larabci ba ragi. In ɗauri ne a ɗaure ni, takardar yaron nan dai kada ta lalace.

Amma kada ka fara shigowa nan. Shagon Sharif na bayan tashar ƙananan bas da suke kira mikrobas, mai ƙofa kore. Shi aka kira ɓarawo a gaban 'ya'yansa. Kafin yarinyar nan, kafin mijinta, shi za ka fara gaya wa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Fatu