Zanen Gado a Kan Rufi

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Zagreb, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Hotunan da tauraron ɗan'adam ke aiko wa ofishinmu sun nuna jar gansakuka tana yaɗuwa a gaɓar tsibirinmu. Kawa, naman cikin ɓawon nan da kake kiwo a jikin igiyoyi a teku, idan ta sha wannan ruwa, guba ce ga mai ci. Za a hana aiki a gaɓar har kaka, kuma ni na rubuta rahoton. Gara ka ji daga gare ni.

'Yarka,
Tonka

Tonka,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa na nan da halinta. Wato karatun da na kai ki, ni zai fara kora daga ruwa? Madalla.

Kawa ba ta dame ni ba. Tun rasuwar mamanki, kwale-kwalen nan ne kaɗai dalilin tashina da safe. Garin ya watse, daga ni sai limamin coci, shi ma kunnensa ya tafi. Kin taɓa cewa na'urar taku da hantsi take wucewa. Tun daga lokacin, kullum da hantsi sai in shimfiɗa farin zanen gadon mamanki a kwale-kwale, in zauna in ɗaga kai sama kamar wawa. Kina ganina kuwa?

Ki riƙa cin abinci.

Babanki,
Frane

Baba,

Barka da war haka. Na karanta takardarka a ofis, sai da na fita waje na yi kuka. Daga can sama kwale-kwale ba ya wuce ƙwayar gero. Amma akwai wani farin ɗigo kusa da igiyoyin kawa, kullum nakan share shi, ina zaton ƙyallin rana ne. Yau na neme shi, babu. Kana lafiya? Na kira wayar gida har na gaji. Don Allah ka amsa.

Taka,
Tonka

Tonka,

Lafiya lau, wayar ce ta mutu. Kin ce kar a shiga ruwa, ban shiga ba. Na mayar da zanen kan rufi, na danne shi da duwatsu. Ki duba hagu da coci.

Mai jirgin fito ya ce daga kan jirginsa ma ana hango shi sarai. Ran Asabar yake zuwa. Ni dai na faɗa miki ne kawai.

Allah ya tsare.

Babanki