Shuɗin Awarwaron Auta

Asabar, 5 ga Afrilu
Yau na ba unguwa abin dariya kyauta. An buɗe tafkin iyo na bayan filin ƙwallo saboda hutu da wannan zafin mai gasa mutum, 'yata Auta kuma ta hana ni sakat. Yaran mutane suna zuwa da robobin iyo masu kalar alewa. Ina mai faci guda, in je kanti sayen iska? Na ɗauko tsohon tif ɗin mota, na ba shi iska har ya yi ƙyalli. Da ta ƙi shiga, na ce ta tsaya ta ga yadda ake yi. Na zauna a ciki. Ƙugu ya shige, ƙafafu suka yi sama, tif ya kife da ni. A ɓangaren yara fa, ruwa iya cinya. Mai Usur, mutumin da ke gadin ruwan, shi ya zaro ni kamar ƙusa daga taya. Ya ce an hana tif a nan. Na ce yanzu na ga dalili.

Talata, 8 ga Afrilu
Igiya ce ta raba tafkin biyu. Mai son ƙetarawa zuwa zurfi sai ya haye tsawon tafki bai huta ba, Mai Usur ya sa masa shuɗin awarwaron roba. Ƙawayen Auta duk sun samu, ita kaɗai aka bari da masu majina. Ta ce kafin a koma makaranta sai ta sa nata. Yaron da ba shi da awarwaro kuma dole babba ya shiga ruwa da shi. Uwarta ta ce ita aikinta riƙon tawul. Saura ni. Ni kuwa da ruwa a kofi muka saba.

Asabar, 12 ga Afrilu
An ba ni muƙami: gungume. In tsaya ruwa iya ƙirji, ta taho gare ni. Na ƙaro tawa dabarar, da ta kusa sai in ɗan ja baya a hankali. Ta ɗago tana haki ta ce na matsa. Na ce ruwa ne ke tafiya da ni. Ta watsa min harara irin ta uwarta, babu ragi.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Kunnena na hagu tun jiya yake hira shi kaɗai.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Yanzu da la'asar nake rufe shago. Maƙwabcina Mai Walda ya tambaye ni ko kifi na koma yi wa faci. Na ce ya zo ya ga 'yata tukuna. Ta iya juya kai ta ɗauki iska ba ta tsaya ba, hannu na yanka ruwa kamar reza. Wani mai tabarau a bakin tafki ya tambayi 'yar wa ce. Na ɗaga hannu da sauri, abin da ban taɓa yi ba a ɗan zaman da na yi a aji.

Asabar, 19 ga Afrilu
Dabara ta ci ni. Ina ja baya, ina ja baya, ina murna, ban san na shige ƙarƙashin igiya ba. Ƙasa ta ɓace. Na sha ruwan gwamnati har na ƙoshi. Auta ce ta turo min igiyar na kama.
A hanyar gida ba ta nemi ko ƙanƙara ba. Sai a bakin ƙofa.
"Baba, ashe ba ka iya ba."
Na ce ni ban taɓa cewa na iya ba.
"Amma kullum kake shiga."
Na nemi abin ban dariya a aljihuna, babu.

Laraba, 23 ga Afrilu
Ta daina nisa. Da ta ɗan yi gaba sai ta tsaya ta waigo, gadina take yi. Mai Usur ya ja ni gefe ya ce yarinyar ta iya, ni ne ke riƙe ta. Ya ce in fito, shi zai shiga da ita. Cikin ladabi ya faɗa, amma maganar ta shige ni. Na koma kusa da uwarta. Ta miƙo min tawul ɗaya ta ce gara in koyi sana'ar.

Asabar, 26 ga Afrilu
Ranar gwaji, jibi makaranta. Ta tsaya a baki, yatsun ƙafa sun ƙanƙame siminti, ta ƙi faɗawa. Ƙawaye na kiranta daga zurfi. Na tsuguna na ce Autata, mene ne. Ta ce in ta samu awarwaro wa zai riƙa duba ni.
Na ce ai ni na yi ritaya daga ruwa.
"A'a. In na haye, kai ma sai ka haye. Ka yarda?"
A gaban uwarta, a gaban mai tabarau. Na ce na yarda. A lokacin ko teku ta ce zan yarda.
Ta faɗa ruwa. Na bi ta ta gefe da silifa ɗaya, ina ba da umarnin da ni kaina ban san ma'anarsa ba. Aka hura min usur saboda gudu. A tsakiya ta shaƙi ruwa, ta yi tari. Ba ta waigo ba. Ta ci gaba har ta dafa bango.
Awarwaron ya yi mata yawa, sai da aka tura shi damtse. Duk wanda muka gamu da shi a hanya na nuna masa, har mai gyaran takalmin da ba ma shiri. 'Yata ce. Ta mai faci.

Laraba, 30 ga Afrilu
Yara ba sa mantuwa. Ta riga ta tambayo min: ana koya wa manya da safe, kuma darasin farko sa fuska a ruwa. Ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba.
Ɗazu da babu kowa, na zubar da ruwan kwanon da nake duba huji, na zuba sabo. Don tsafta kawai. Mai Walda ya leƙo ya tarar da kaina a ciki. Na ce wani ɗan noti ne ya faɗa. Ya ce in na same shi in gaishe shi.
Tafkin nan da tsawo, wallahi. Auta ta ce ranar Asabar za ta zo ta tsaya min ruwa iya ƙirji. Na roƙe ta kada ta ja baya. Ba ta yi alkawari ba.