Ƙugiyar A-kori-kura

Dogon Dutsi, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, Baban Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya Agadas, yaya aiki, yaya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Inna, mahaifiyarka, tana nan ƙalau, sai ƙafar da ka sani. Firdausi ta koma karatu a lakwal, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo, ni kuma in ce ta je ta tambayi kakarta.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Saƙon murya a gareji kake saurarensa cikin abokanka, ka ce to, to, ka mayar da waya aljihu. Takarda kuwa sai ka keɓe. Shi ya sa zan riƙa ba direban bas ɗin Agadas idan ya tsaya a nan.

Ka zauna kafin ka karanta wannan: na sayar da shanun. Da yardar Inna na yi, don haka idan faɗa za ka yi, mu biyu za ka yi wa. Ka tuna bara waccan, muna tafe da injin sussukarmu a bayan shanu kamar masu rakiyar gawa, injin mutanen Tibiri ya wuce mu a bayan mota, ya cinye aikin ƙauyukan kafin mu isa. Ranar ka ce ka gaji, ka tafi tuƙa motar wani a Agadas. A bakin ƙofa ka ce mini duk ranar da muka sami motar da za ta ja injin nan, ka dawo gida ke nan. Kai wataƙila ka manta. Ni ban manta ba.

To ga ni a Dutsi, gidan ƙanena Abdul'aziz, ina neman a-kori-kura. Na haɗa kuɗin shanun da adashina. Ba babbar mota nake nema ba, tunda injin bai fi amalanke cike da gero nauyi ba. Mai lafiya nake so, kat-kat mai ja da ƙafa huɗu, mai shan man gazuwal, wadda ba za ta kunyata mu cikin yashin Dallol ba.

Dillalai sun ga mace, sun ɗauka sun sami nama. Ta farko da suka nuna mini fara ce fat, sabon fenti, bayanta a ɗage kamar zakara. Abdul'aziz har ya fara lallashina. Na leƙa bayan, sai warin fetur ya buge ni. Ashe ta masu fasa-ƙwaurin mai ce daga iyaka, an ƙara mata sifirin don ta ɗauki jarkoki, ƙarfen ƙarƙashinta kuwa duk tabon walda. Ta biyu an riga an tayar da ita kafin mu zo, injin da ɗumi. Na tuna kana cewa mota da sanyin safiya ake tayar da ita a ji gaskiyarta. Na ce gobe zan dawo da sassafe, kada kowa ya taɓa ta. Da na dawo sai aka ce mai ita ya yi tafiya.

Ka ga, duk surutun mota da kake yi mini ina tuƙa tuwo, kana zaton ba na ji, ga ranarsa ta zo. Ina duba ƙasan inda mota ta kwana ko akwai ɗigon mai. Ina kallon launin hayaƙi. Abdul'aziz ya ce na fi bakanike fitina.

Hankalina dai ba a kwance yake ba. An fara yankan gero a gida Gesheme. Ka san da zarar an zuba dammuna a rumbu, ba mai sake fito da su don inji. Ga shanu babu, ga mota babu. In zauna ba daɗi, in tashi ba daɗi.

Ka gaida mai gidanka da abokan aiki. Ka riƙa cin abinci.

Taka,
Ladidi

Gesheme, ranar Asabar

Baban Firdausi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kuma bayan ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Na ji saƙonka a waya, na kuma ji faɗan. Na lura dai shanun ka yi ta ambata, ba ka ce uffan a kan alkawarinka ba.

An sami mota. Ba a Dutsi ba, a Kiyeshe, wajen wani dattijo, Alhaji Ɗantala, tsohon falken shanu. Da ita yake jan tankin ruwa zuwa garkensa, yanzu ya rage dabbobin, ƴaƴansa kuma duk suna Yamai. Ba ta da kyan gani, kada ka sa rai. Fentin ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa. Amma mun iso da sassafe, raɓa na kanta, Abdul'aziz ya murɗa makulli sau ɗaya ta amsa. Ƙasan da ta kwana a bushe. Na ce a cika tankin a ɗaura mata, a shiga yashi. Alhaji ya yi dariya ya ce haka shi ma yake gwada san noma. Ta ratsa yashin nan ba ko tari. Ina zaune a gaba, na juya ina kallon ƙugiyar bayanta, ƙarfe mai kauri ɗaure da kusoshi, ina ganin injinmu a maƙale a wurin, kai kuma a kan sitiyari. Sai da na share ido da bakin mayafi.

Aka yi ciniki, aka shafa fatiha, takardu suka kammala, har kartagiris, takardar mallakar motar. Kashegari muka koma ɗaukar mota. Na zagaya baya, sai ramukan kusoshi kawai na gani. An kwance ƙugiyar.

Na zaci sata aka yi. Ashe Alhaji ne da kansa ya sa aka cire, tana nan jingine a zaurensa. Ya ce shi tun da ya fara fatauci bai taɓa sayar da dabba da igiyarta ba. Mai saye shi ke zuwa da tasa igiyar a hannu ya ɗaura, mai sayarwa ya koma gida da tasa, don arzikin kowa ya bi shi. Ya ce ƙugiya ita ce igiyar mota, da ita take ja. Ya yi mamaki ma da ban sani ba, ni da na sayar da shanu kwanan nan. Gaskiya ne kuwa, ranar da aka kai su kasuwa da igiyoyinsu aka dawo, suna nan rataye a zaurenmu. Ban taɓa kawowa abin zai kai ga mota ba.

Ka san Abdul'aziz da wa'azi. Nan take ya ce camfi ne, arziki na Allah ne, ba ya cikin igiya balle ƙarfe. Alhaji ya ce shi ma ya san na Allah ne, amma ba zai bayar ba. Na ce zan saya daban, ya ƙi. Na ce ya ara mini zuwa ƙarshen kaka, ya ƙi. Ya ba mu fura mai sanyi, ya raka mu har bakin hanya, ya sa mana albarka. Ban taɓa ganin mutum mai kirki da taurin kai irinsa ba. Tun daga Kiyeshe har Kore Mairuwa ina zaginsa a zuci.

Wani mai walda a Dutsi ya ce zai haɗa mini wata da guntayen ƙarfe. Na ƙi. Kai ka ba ni labarin tirelar da ta tsinke daga irin wannan waldar ta shiga cikin masu tallar gyaɗa. Na tambaya a shagunan kayan mota, babu irin tata, sai an aika Yamai. Aka ce a Agadas kuwa irin motar nan ta fi jakai yawa.

Don haka ga abin da ya rage. Mota tana ƙofar gida, Abdul'aziz ya kawo ta ya koma shagonsa. Inji yana gefenta, na sa an wanke shi an zuba mai. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, amma ba abin da zai haɗa su. Ka nemi ƙugiya mai kyau ka taho. Na riga na gaya wa matan unguwa kana hanya, har wasu sun fasa zuba geronsu a rumbu suna jiranka.

Firdausi ta ce in gaya maka ita ta fara zama a kujerar direba.

Ina jiranka,
Ladidi

Dogon Dutsi, ranar Litinin

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Inna da Firdausi suna lafiya. A kan bencin tasha nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da rubutun.

Da ka ce mini a waya in tari bas ɗin Agadas ranar Lahadi, ban tsaya jin sauran ba. Na yi lalle. Na bar wa Inna kaza ta gyara. Na shigo motar kasuwa tun da safe na zo na zauna a nan. Bas ya tsaya, na tashi ina leƙen fuskoki, mutane suka sauka, suka sha ruwa, suka koma. Sai direban ya kira sunana, ya jawo wani buhu mai nauyi daga ƙarƙashin bas ya ajiye a gabana.

Ƙugiya ce mai kyau, ban ƙi ba. Sabuwa, da kusoshinta a ƙulle cikin leda. Ka iya zaɓe. Daga baya na saurari saƙonka: wai in sa Abdul'aziz ya nemo direba a biya shi, kai sai bayan Sallah, don mai gidanka ya sami sabon aiki a wajen masu haƙar zinariya. Bara ma bayan Sallah ka ce.

Na kwana gidan Abdul'aziz da buhun. Shi har ya sami direban, wani Anas, an ce yana da hankali. Ya ce in bar taurin kai, gobe a ɗaura, jibi inji ya fara aiki. Gaskiya ya faɗa. Jiya da zan fito daga Gesheme na jiyo ƙarar injin mutanen Tibiri daga ƙauyen gabas. Matan da na sa suka jira sun fara kallona, gwaggonka Ramatu ma ta aiko a tambaye ni ko ta haƙura ta kai nata can. Idan na ɗaura ƙugiyar nan, ba za mu rasa kakar bana ba.

Amma na san abin da zai biyo baya, kai ma ka sani. Inji zai yi aiki, Anas zai tuƙa, kai kuma ka ce ai komai yana tafiya daidai, me za ka zo yi? Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Ni ba don gero na sayar da shanun babanka ba. Na gaji da zama matar waya. Na gaji da yarinyar nan tana gane muryarka fiye da fuskarka. Inna ba ta faɗa maka, amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta gyara ɗaurin kallabinta. Ina kewarka, har abin ya fara koma mini haushi.

Na zagi Alhaji Ɗantala, Allah ya yafe mini. Yau da safe maganarsa ta dawo mini, ba ma ta arzikin ba, wannan Abdul'aziz ya je ya ƙarata da shi. Cewa ya yi mai saye shi ke zuwa da igiyarsa a hannu. Duk zuwana kasuwar dabbobi ban taɓa ganin wanda ya aiko da igiya a buhu ya ce wani ya ɗaura masa ba.

Saboda haka buhun da direba zai ba ka tare da takardar nan, naka ne. Ban kwance ledar kusoshin ba. Abdul'aziz ya ce na haukace, wataƙila haka ne. Zan koma Gesheme yau in gaya wa gwaggo Ramatu ta kai geronta inda take so, sauran matan kuma in sha kunyarsu. Mota da inji suna nan inda suke, ba mai taɓa su. Makullin yana rataye a ƙusar da kake rataye hularka.

Har yanzu akwai dammuna a gonakin yamma da ba a kwashe ba. Ba za su daɗe ba. Bas ɗin da ya kai maka buhun shi ne mai dawowa ta nan.

Ga direban can yana hura oda, bari in tashi. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo ka lafiya, kai da kayanka.

Matarka,
Ladidi