Zanen da na wanke

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga unguwarmu ta Ambassatna. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Jiya muka shiga kotu kan malamin lise, wato sakandare, wanda ya yi wa 'yata Rabi fyaɗe. Alƙali ya nemi kayan da ta sa ranar, shuɗin zanen nan da kika aiko mata. Yaya, ni na wanke shi da hannuna. Da ta shigo gida ranar, na dafa ruwa na yi mata wanka, na dirje zanen sau uku. A zatona taimakonta nake yi. Da na faɗi haka a kotu, lauyan malamin har murmushi ya yi, don shaidar ta bi ruwan wanki.

Makarantar ta ce Rabi ta zauna gida sai ƙura ta lafa, shi kuwa yana nan yana koyarwa.

A taksi na fashe da kuka. Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, zane kika wanke, bakina yana nan."

Litinin ita za ta yi magana, ina tsaye bayanta. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Kuma ki gaya wa matan gidanku, Allah ya kiyaye, in abu ya faru kada su wanke komai sai likita ya gani.

Ƙanwarki,
Zainabu