A Buɗe Musu Rumbu

Zuwa ga Inna, Kwargaba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da su Zakiyya. Ya ƙafar Baba, kumburin ya sauka?

Inna, Kawu Iliyasu ya ba ni labari. Wai masu rubuta sunayen waɗanda ruwan gulbin Rima ya cinye wa gona, don a ba su agaji, sun zo gidanmu. Baba ya aro babbar rigar liman, aka shimfiɗa tabarmar baƙi, aka yanka kaza guda da ta rage muna. Da sunka tambayi abin da munka rasa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, mun gode Allah." Sunka ci, sunka wanke hannu, sunka wuce ba su rubuta mu ba.

Haba Inna! Mi ya kai ku? Mutanen nan ba zumunci ya kawo su ba. Shinkafarmu tana ƙarƙashin laka, ko irin shukar rani ba mu da shi.

An ce za su komo ran Alhamis. Don Allah ki lallashe shi, ni ba ni iya faɗa mishi. A bar wa liman rigarshi. In bakin Baba ba ya iya cewa babu, ya yi shiru, ke ki buɗe musu rumbu su leƙa.

Ni nan Fatakwal lafiya lau nike. Dakon albasa ya ja baya, rumfar da muke kwana tana yoyo, amma alhamdu lillahi, mun gode Allah.

Kin ji abin da na rubuta ko? Ashe ba a ƙasa na ɗauka ba.

A sa mani albarka.

Ɗanki,
Lukman