Abin da Ke Cikin Idon Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau. Baba yana nan yadda kika bar shi, yau ya ci abinci ya yi hira, gobe ya juya wa kowa baya. 'Yan biyu sun fara haƙori a tare, gidan sai dai addu'a.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Kin san gidanmu, bangonsa ba ya riƙe magana. In na yi tari a ɗaki, matata Maman 'yan biyu za ta ce min sannu daga bakin keken ɗinkinta. Maganar kuwa a kanta ce.

Shagon hoto dai ya mutu a tsaye. Kowa da kyamara a aljihunsa, in ba mai neman hoton fasfo ba, babu mai leƙo ni. Shi ne na sayi darussan koyon ɗaukar fim, guda ashirin da huɗu a bidiyo, mutum ya kalla a gidansa. Malamin yana da zaure a waya inda ɗalibai ke tura aikin da ya ba su, ya duba ya yi gyara. Rabin karatun a kan haske ne. Fitila uku ake kafawa: babba a gaba ta gefe, ƙarama mai rage inuwa, sai ta baya mai raba mutum da bango. Na sayi littafi na rubuta tazarar kowacce da tsayinta. Har tef ɗin awon Maman 'yan biyu na ara, na auna falo, na yi alama da alli a siminti.

To haske ba a koyonsa a kan bango, sai da fuska. Na roƙe ta ta riƙa zauna min a kujera, ta yarda, tana zuwa da rigar mutane tana sa maɓalli ina jujjuya fitilu. Darasin ma ba ta taɓa zama ta kalla ba, jinsa kawai take yi ta cikin ƙarar keke. A kwana na huɗu ta fara sa baki. Wai babbar fitilar tana sa goshinta ƙyalli kamar an shafa masa mai, in matsar da ita baya in ɗaga ta kamu ɗaya. Na ce malam ya ce mita ɗaya da rabi. Ta ce malam bai ga goshinta ba. Don ta bar ni in huta na matsar, na leƙa allon kyamara, sai na ga matata kamar ranar da na fara ganinta. Yaya, maimakon in ce mata ta yi gaskiya, cewa na yi batir ya ƙare, na kashe komai.

Aiki uku na tura wa malam zuwa yanzu. Duk amsarsa ɗaya ce, wai ba laifi in ci gaba, abin da yake gaya wa kowa ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da kyamara, a ce mai ɗinki da allura a baki ta ga abin da ban gani ba? Na san ba laifinta ba ne, amma tun ranar in ta ce min ga ruwa sai in ji kamar gyara take min.

Ki gaida maigidan da yara. Ki ba direba amsa in zai dawo.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Takardarki ta iso. Na ga dariyar da kika yi min, har da tono zancen keken da na ƙi hawa wata guda don 'yar maƙwabta ta riga ni iyawa. Ban musa ba. Sai dai abin yanzu ya wuce wasa.

Aikin makon nan shi ne a ɗauki fuskar tsoho yana magana. Na ce ga Baba a gida, me zan nema? Na kai fitilu uku ɗakinsa na kafa daidai da awo. Ya runtse ido, ya kare fuska da hannu, ya tambaye ni me ya sata da za a haske shi haka. Da ƙyar na samu minti ɗaya. Da na duba, fuskarsa ta yi toka-toka, ga inuwar hancinsa kwance a kumatu.

Washegari da safe aka ɗauke wuta. Na tafi shago, na bar kyamara a kan tebur. Da azahar na dawo na ɗauke ta, sai da na koma shago na tarar da wani bidiyo a cikinta da ba nawa ba. Baba ne a bakin tagar ɗakinsa, matata ta juya masa kujera yadda hasken ke zuwa ta gefe. Daga baya na ga farin yadin shafi da ta rataya a ƙofar kabad, shi ke mayar da hasken a ɗaya kuncin. Ba fitila ko ɗaya. Minti biyu ne da 'yan kai, yana ba da labarin gadon da ya ƙera wa Inna da hannunsa, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, ta ƙi yarda a gyara har ta rasu. Yana dariya, Yaya. Rabon da in ga haƙoran Baba na manta. Gashin gemunsa kamar ka ƙirga, fatarsa da launinta na gaskiya, idonsa da rai.

Sau biyar na kalla. Na farko na yi hawaye don Baba. Sauran huɗun kuwa neman kuskure nake yi, ban samu ba, zuciyata sai tafasa take.

Ga abin da ya sa na rubuto. Nata na tura zauren. Ban ce ni na ɗauka ba, ban kuma ce ba ni ba ne, amma daga wayata ya fita, sunana ne a kai. Kafin la'asar malam ya turo saƙon murya, ya ce tun da ya fara koyarwa bai ga ɗalibin da ya fahimci haske haka ba, kowa ya kalla sau uku. Yabon da na yi wata biyu ina jira ke nan. Na saurara a bayan kantar shago ni kaɗai, ban ji daɗin ko kalma ɗaya ba, don kowace kalma na san mai ita.

Da na shiga gida ta tambaye ni ko na ga wani abu a kyamara. Na haɗe rai na ce kyamara ba kayan wasa ba ce, ta daina taɓa min ita da hannun man keke. Ta dube ni ta ce to, ta koma ɗinkinta. Wannan to ɗin har yanzu ina jin sa a kunnena.

Kada ki gaya wa maigidanki, kin san shi da tsiya. Ina gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na gode da addu'a, faɗan ma na karɓa. Jikin Baba ya ɗan yi nauyi a makon nan, likita ya canza masa magani.

Asirina ya tonu, kuma ta inda ban taɓa zato ba. Ranar Litinin malam ya yi ƙarin darasi a zauren. Ya ce idon mutum madubi ne, duk mai son sanin yadda aka kafa haske a fim ya tsayar da hoton, ya girmama ƙwayar idon, zai ga kowace fitila a inda take. Sai ya ce bari ya yi misali da aikin da ya fi kowanne kyau. Ina ganin fuskar Baba na sha jinin jikina. Ya yi ta jawo idon har ya cika allo. Ga taga a hagu, fara tas. Ga yadin a dama. A tsakiya kuma ga mai riƙe da kyamara, baƙi-baƙi kamar inuwa, amma da ɗaurin ɗankwali, har da kunnen nan da take bari ya miƙe sama. Malam bai ce komai a kai ba sai a ƙarshe, ya rubuta layi ɗaya: “A gaida mai ɗankwali.”

Ni da na cika littafi da awo, ban san ana leƙa cikin ido ba. Ɗalibai arba'in da wani abu, Yaya. Wani ya tambayi inda nake sayen ɗankwali, wani ya ce ɗaurin ya yi min kyau. Na kife wayar, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan nan malam ya turo min saƙo ni kaɗai. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce ranar Asabar yana da aikin ɗaukar hira da wasu tsofaffin ma'aikata, yana so wadda ta ɗauki Baba ta zo ta kafa musu haske, in ta yi kyau za a riƙa kiranta. Ya ce in isar mata.

Yau kwana huɗu saƙon yana wayata. Na rubuta masa cewa tana da goyon 'yan biyu ba za ta samu fita ba, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. In na tura babu mai ganin laifina, ita kuma ba za ta taɓa sani ba. Jiya da ta tafi kai ɗinki na ɗauko yadin nan, na rataya a kabad ɗin nan, a daidai lokacin nan, na zaunar da Baba. Ya fito kamar hoton katin asibiti. Shi kuwa sai tambayata yake ina surukarsa ta tafi.

Bari in faɗa da bakina tunda ke ce. Ƙyashin matata nake yi. Ina kallonta tana yanka yadi, tana ɗaga shi a hasken ƙofa ta ga yadda launi ke zama, sai in ji haushin idonta. Ni na nemo karatun, ni na haddace, ita kuma Allah ya ba ta a kyauta. Ina sonta, kin sani, amma na kama kaina ina fatan Asabar ta zo ta wuce.

Ki sa ni a addu'a. Gaisuwa ga maigidan da yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Na sa direba ya ba ki wannan hannu da hannu, kada ki bari yara su buɗe.

Na gaya mata ranar Juma'a da hantsi. Tana kan keke, na ja kujera na zauna, na faɗi komai tun daga batirin da bai ƙare ba. Na miƙa mata wayar ta saurari yabon malam, ta karanta saƙon. Na shirya wa kuka, na shirya wa gori. Ta cire ƙafarta daga keke, ta daɗe tana kallon hoton idon. Sannan ta ce, “Ni don Yaya na ɗauka, na ga ta kwana biyu ba ta gan shi yana dariya ba. Na zaci ka tura mata tuni.”

Takarda biyu na rubuta miki ina kwatanta hoton nan. Sau biyu kina cewa in turo, ina yin kamar ban ga layin ba, don na san in kin kalla ita za ki kira ki yi wa godiya. Mutum arba'in da ba su san Baba ba sun ji labarin gadon Inna, ke da aka ɗauka dominki ba ki ji ba.

Ta je aikin ranar Asabar, ni na zauna da 'yan biyu. Ta dawo da yamma a gajiye, ta ce sun ce ta koma mako mai zuwa. Na ce madalla, kuma rabin zuciyata da gaske take. Ɗaya rabin yana nan yadda yake, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba ta yi fushi a fili ba, tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, amma ta daina ce min komai a kan aikina. Jiya na kafa fitila a karkace da gangan a gabanta, ta duba ta wuce.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tun ranar Larabar makon nan Baba bai tashi zaune ba, maganarsa ta koma ɗaya-ɗaya. Likita ya ce a kira na nesa. Ki fara shiri, in maigidan ya yarda ki biyo direba jibi. Ban san ko za ki same shi yana hira ba. Mako uku da suka wuce yana yi, ni na riƙe miki.

Na sa hoton a katin memori saboda wayarki ba ta buɗe manyan abubuwa. Yana cikin ambulan ɗin nan, naɗe a takarda. Ki kalla kafin ki taso. In za ki kira, lambarta za ki kira.

Ki yafe min. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta